Falsafar samuwa a jami'a da shafin da manhaja ke tsallakewa

Duk wanda ya shiga jami'a a Najeriya, ko likitanci ya je karanta ko aikin gona, sai ya ratsa ta cikin wani kwas na bai-ɗaya da ya haɗa falsafa da mandiƙi (ilimin auna hujja) da zaman ɗan Adam a duniya, domin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta sa shi cikin darussan dole. A Nijar tun kafin jami'a ake gamuwa da falsafa, a lise, wato babbar sakandare, kuma tana cikin jarrabawar kammala ta da ake kira bak. Amma in ka tari ɗalibi bayan an fito daga jarrabawa ka tambaye shi me ya rage masa, galibi sunaye zai lissafo maka: wane ya ce ruwa ne asalin komai, wane ya ce iska, wane ya ce wuta. Ya haddace, ya zuba a takarda, ya ci, ya manta. 'Yan kaɗan da suka ɗauki falsafa a matsayin digiri, a Zariya ko Ibadan ko Nsukka ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, su ne ke isa ga kwas ɗin da ake kira metafizika, wanda cibiyarsa ita ce nazarin samuwa: me ake nufi in an ce abu akwai shi, kuma abubuwan da ke akwai iri nawa ne.

Ni a ganina wannan kwas yana cikin mafi nauyi da mafi amfani a duk abin da ake koyarwa a jami'a, kuma ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa yana shiga ajin da guzurin da shi kansa bai san yana ɗauke da shi ba. Abin da ke hana guzurin amfani shi ne yadda aka tsara tafiyar. Manhaja takan tashi daga Girka, ta ɗan yi zango a cocin Turai na tsakiyar zamani, ta dira a Faransa da Jamus da Ingila, sai ɗalibi ya fita da tunanin cewa tambayar ta baƙi ce. Ba haka ba ne, sai dai ba a gane hakan sai an bi tambayar kanta daki-daki.

A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, a garin Iliya da ke kudancin Italiya ta yau, wani mutum mai suna Farmanidis ya kafa hujjar da har yanzu ake fara kwas ɗin da ita. Ya ce abin da ke akwai, akwai shi. Abin da babu kuwa, babu shi, ba a iya tunaninsa ba a iya faɗarsa, domin da zarar ka yi tunaninsa ka mai da shi wani abu. To in wani abu ya faru, daga ina ya fito? In daga abin da ke akwai ya fito, ashe da ma yana nan, bai faru ba. In kuma daga babu ya fito, babu ba ta haifar da komai. Saboda haka, in ji shi, babu faruwa, babu gushewa, babu canji, abin da ido ke gani ruɗu ne. Kowa ya san ƙarshen maganar bai yi daidai ba, tunda jariri na girma, gero na nuna, tsoho na mutuwa. Aikin ɗalibi shi ne ya ɗora yatsa a kan gaɓar da hujjar ta karye, kuma wannan ya fi yadda ake zato wuya. Wanda ya kwana biyu yana neman gaɓar nan ya fara falsafa. Wanda ya haddace cewa Farmanidis ya musanta canji, Hiraklitus kuma ya ce komai canjawa yake, bai fara ba tukuna.

Aristotil, wanda ya rayu tsakanin 384 da 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo gyara biyu. Na farko, ya ce samuwa ba iri ɗaya ba ce. Rago akwai shi, farin gashinsa ma akwai shi, amma rago tsaye yake da kansa, fari kuwa ba ya tsayuwa sai a jikin wani abu. Na farkon shi ne jauhari, na biyun aradi, kuma ya kasa su gida goma: jauhari ɗaya, sauran tara irin su yawa da yanayi da wuri da lokaci. Gyara na biyu shi ne tsakanin akwai da babu akwai wani mataki, wato iya zama. Ƙwayar gero ba zangarniya ba ce, amma ta bambanta da tsakuwa, domin ita tana iya zama zangarniya, tsakuwa ba ta iyawa. Canji ke nan fita ne daga iya zama zuwa zama, ba daga babu ba.

Daga nan ne manhajojinmu ke yin tsalle. A ƙarni na 9 aka juya littafin Aristotil a kan wannan fanni zuwa Larabci a Bagadaza, ga jama'ar da ke kewaye da masanin falsafa Al-Kindi. Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara wajen 980 ya rasu a Hamadan a 1037, ya ba da labari da kansa cewa ya karanta littafin sau 40 har ya haddace shi bai gane inda ya dosa ba, ya fid da rai, sai wata rana a kasuwar littattafai wani dillali ya matsa masa ya sayi ɗan ƙaramin littafin Al-Farabi a kan dirhami uku, wanda ke bayanin manufar littafin. Da ya karanta sai ƙofa ta buɗe. Ya kamata kowane malami ya ba ɗalibansa wannan labari a ranar farko, domin ɗalibin da ya karanta shafi bai gane ba yakan ɗauka kansa ne ba ya ja, alhali abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa wace tambaya shafin ke amsawa.

Abin da Ibn Sina ya ƙara shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ya ce tambaya biyu ake yi wa kowane abu, kuma amsar ɗaya ba ta ba da amsar ɗayar. Ta farko: mene ne shi? Ta biyu: akwai shi? Malamin lissafi na iya bayyana maka siffa mai kusurwa uku har ka gane ta sarai, ba tare da ka san ko an taɓa zana irinta a wani wuri ba. Haƙiƙar abu, wadda ya kira mahiyya, daban take da samuwarsa. Duba doki: babu wani abu a cikin zama doki da ke tilasta a sami doki a duniya, kuma babu abin da ke hanawa. Samuwarsa da rashinsa kunnen doki suke, don haka in aka same shi, wani abu ne daga waje ya rinjayar da samuwar. Irin wannan shi ne mai yiwuwar samuwa. Sai ya ce a tattaro duk masu yiwuwar samuwa wuri ɗaya, ko da ba su da iyaka. Tarin nan shi ma mai yiwuwa ne, tunda ya dogara da abubuwan da ke cikinsa, don haka yana bukatar dalili daga wajensa. Abin da ke wajen dukkan masu yiwuwa kuwa ba zai zama mai yiwuwa ba, sai dai wajibin samuwa, wanda haƙiƙarsa da samuwarsa abu ɗaya ne. Abin da ke burge ni a hujjar nan shi ne ba ta fara da kyawun sama ko tsarin taurari ba. Abu ɗaya tak ta nema a yarda da shi, cewa akwai wani abu.

Ba a bar shi ya sha ruwa ba. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya zarge shi da mai da samuwa kamar aradi. Matsalar a fili take: in samuwa ƙari ce da ake ɗora wa abu, to abin da za a ɗora mata dole ya kasance yana nan kafin ta zo, wato ya samu kafin ya samu. Suhrawardi, da aka kashe a Halab a 1191, ya ce samuwa lissafin hankali ce kawai, ba wani abu ba ne a waje. Mulla Sadra a Iran ta ƙarni na 17 ya juya maganar, ya ce samuwa ce asali, haƙiƙa kuwa iyaka ce da hankali ke shata mata. A ɗaya ɓangaren, an fassara Ibn Sina zuwa Latin a Toledo ta Sifen a ƙarni na 12, kuma malamin coci Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya ɗauki rabewar haƙiƙa da samuwa ya gina da ita. Ɗaliban makarantun horar da limaman Katolika a Najeriya, da ke yin falsafa kafin su shiga ilimin addini, sun san wannan rabewa ta hanyar Aquinas. Ɗan'uwansu Musulmi ma ya san ta, ta wata ƙofa, sai dai ba a taɓa gaya musu cewa gado ɗaya suke ci ba.

Ƙofar ita ce zaure. Tsakanin magariba da lisha, malam na kan buzu, ɗalibi ya buɗe ɗan littafin tauhidi mai jajayen takardu, Ummul Barahin na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490. Ɗalibi ya ja gaɓa da Larabci, malam ya bi ta da Hausa. Kafin a ambaci ko sifa ɗaya ta Ubangiji, abin da littafin ya fara da shi shi ne hukuncin hankali ya kasu uku. Wajibi shi ne abin da hankali ba ya sawwala rashinsa. Mustahili shi ne abin da hankali ba ya sawwala samuwarsa. Ja'izi shi ne abin da samuwarsa da rashinsa duk suka inganta a hankali. In ɗalibi ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba mu misali," sai malam ya ɗaga tawwadar da ke gabansa ya ce jiki irin wannan wajibi ne ya cika wuri muddin yana nan, mustahili ne ya wofinta daga motsi da tsayuwa a lokaci guda, ja'izi ne ya motsa ko ya tsaya. Yaron da ya zauna a wannan darasi ya riga ya riƙe kayan aikin da za a ba shi a aji uku na jami'a da wasu sunaye.

Akwai abin da ya fi wannan. Cikin sifofi ashirin da littafin ya lissafa, ta farko ita ce samuwa. A sharhin da Sanusi ya yi wa littafin da kansa, ya tsaya a nan ya yi wata magana: lissafa samuwa cikin sifofi, in ji shi, sassauci ne a mazhabar Imam Ash'ari, domin a wurinsa samuwar abu ita ce zatin abin, ba ƙari ba ce a kansa. A wurin masu ganin samuwa ƙari ce a kan zati kuwa, irin su Fakhruddin Razi, lissafa ta cikin sifofi daidai ne ba sassauci. Wato rigimar da ta taso daga Ibn Sina ta shiga ilimin tauhidi, ta ratso Sahara cikin ayari, ta zauna a zaurukan Kano da Katsina da Agadas da Zinder.

A riƙe wannan, a juya ga Jamus. Tun a ƙarni na 11 wani malamin coci mai suna Anselm ya kafa hujjar cewa ma'anar Ubangiji kaɗai ta isa ta tabbatar da samuwarsa, tunda shi ne wanda ba a iya tunanin wanda ya fi shi, kuma mai samuwa ya fi marar samuwa. Bafaranshe Descartes ya sabunta ta a 1641, ya ce samuwa kamala ce, mai dukkan kamala kuwa ba zai rasa ta ba. A 1781 Bajamushe Immanuel Kant ya ba da amsar da ta fi kowace shahara: samuwa ba sifa ba ce da ke ƙara wani abu a ma'anar abu. Ya yi misali da kuɗin ƙasarsu, ya ce tala ɗari da ke aljihu ba ta fi tala ɗari da ke cikin tunani da ko anini a ma'ana ba, duk da cewa arzikin mutum ya bambanta ƙwarai tsakanin biyun. In ka ce abu fari ne, ka ƙara bayani a kansa. In ka ce akwai shi, ba ka ƙara bayani ba, ka dai ce abin da aka bayyana yana nan.

A ajin jami'a ana gabatar da wannan a matsayin abin da ba a taɓa ji ba kafin Kant. Alhali kusan shekara 300 kafinsa Sanusi ya rubuta cewa kiran samuwa sifa na bukatar uzuri. Ban ce maganarsu ɗaya ba ce. Ash'ari na magana ne a kan abin da ke waje, cewa zatinsa da samuwarsa ba abu biyu ba ne, Kant kuwa na magana a kan ma'anar da ke cikin tunani da abin da hukunci ke yi da ita. Amma tantance wannan bambanci shi ne irin aikin da ya cancanci ɗalibin digiri. Akwai kuma tambayar da ta fi zafi: shin sukar Kant ta taɓa hujjar Ibn Sina? Kant ya yi da'awar cewa duk hujjar da ta fara daga samuwar duniya ta ƙare a wajibin samuwa, a ɓoye tana jingina ne da hujjar Anselm. Masu kare Ibn Sina na cewa shi bai ciro samuwa daga ma'ana ba, ya fara ne da abin da ke nan. Ina ganin masu kare shi sun fi gaskiya a wannan gaɓa, ko da yake nauyin na komawa ne kan wata ƙa'ida da hujjar ta ɗauka ba tare da ta tabbatar ba, cewa duk mai yiwuwa sai da abin da ya rinjayar da shi. David Hume ya kai wa wannan ƙa'ida farmaki a ƙarni na 18, kuma har gobe nan ne fagen daga.

Ƙarni na 20 ya ɗauki maganar Kant ya sa mata ƙa'idar lissafi. A 1905 Bertrand Russell ya tambayi yadda za a yi da jumla irin "sarkin Faransa na yanzu mai sanƙo ne," alhali Faransa ba ta da sarki. In ka ce ƙarya ce, kamar ka yarda akwai sarkin, yana dai da gashi. Warwararsa ita ce jumlar dunƙule take da da'awa uku: akwai mai sarautar Faransa, shi kaɗai ne, kuma yana da sanƙo. Ta farkon ce ƙarya, don haka ba sai an ƙirƙiro wani sarki marar samuwa da za a yi magana a kansa ba. Da wannan aka kwance ƙullin Farmanidis na yadda ake magana a kan abin da babu. A 1948 Quine na Jami'ar Harvard ta Amurka ya mai da wannan ma'auni: in kana son sanin me ka yarda akwai, duba abubuwan da iliminka ba ya tsayuwa sai ya ce akwai su. A nan aji kan ɗau zafi. Malami ya tambaya, akwai lamba tsakanin 6 da 8? Kowa ya ce akwai. To tana ina, nauyinta nawa, yaushe ta fara? Ɗalibin da ya shigo yana cewa shi bai yarda da komai ba sai abin da ya gani ya taɓa, sai ya tarar ya yarda da lamba 7, wadda ba a gani ba a taɓawa.

A tsakanin nan an yi yaƙin da ya raba sassan falsafa gida biyu. Bajamushe Heidegger ya fito a 1927 yana cewa Turai ta shagala da lissafa abubuwa ta manta da tambayar samuwa kanta, kuma mafarin amsa shi ne mutum, wanda ya san zai mutu. Carnap ya mayar masa a farkon shekarun 1930 cewa irin waɗannan jumloli ba su kai matsayin ƙarya ba ma, ba su da ma'ana ne. Bafaranshe Sartre ya ɗauki rabewar nan ta haƙiƙa da samuwa ya kifa ta a kan mutum, ya ce mutum na samuwa ne tukuna sannan ya gina abin da zai zama. Ɗalibin Yamai ya fi jin Heidegger da Sartre saboda Faransanci, na Najeriya ya fi jin Russell. Hukuncin kisan da su Carnap suka yanke wa fannin dai bai zartu ba, domin a laccocin da Saul Kripke ya yi a 1970 maganar abin da ya zama dole da abin da ke yiwuwa ta dawo tsakiyar fage, wato wajibi da ja'izi cikin sabuwar riga.

Mai karatu na iya cewa duk wannan wasan ƙwaƙwalwa ne. A tuna farkon 2023. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin daina karɓar tsoffi, wanda ya kai 10 ga Fabrairu. Mai kayan miya da ta karɓi tsohuwar dubu jiya, yau sai ta juya ta gaba da baya, ta miƙo maka abarka ta ce, "Malam, ba a karɓa." Takardar ba ta canja ba, nauyinta da launinta da hoton da ke jikinta duk suna nan. A ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsoffin su ci gaba da aiki, takardar ta sake zama kuɗi, ko da yake a kasuwa sai da mutane suka ga wasu na karɓa kafin su karɓa. To mene ne ya gushe ya dawo? Akwai abubuwan da samuwarsu ta rataya a kan yardar jama'a, irin su kuɗi da sarauta da iyakar ƙasa da kamfani, wanda doka ke ɗauka a matsayin mutum mai mallaka da ake iya kai ƙara. Hasumiyar masallacin Agadas, da aka gina a 1515 aka sake gina ta a 1844, ana kuma sabunta yaɓenta, ita ce ta farko ko wata ce? A asibiti abin ya fi tsanani. Tun 1968 da wani kwamitin likitoci na Harvard ya kawo ma'aunin mutuwar ƙwaƙwalwa, ana iya samun mutum zuciyarsa na bugawa da taimakon na'ura alhali likita na cewa ya tafi. Rabon gado da fara takaba duk sun rataya a kan lokacin mutuwa, kuma ba a sa wannan lokaci sai an amsa mene ne mutum. Alƙali da likita da mufti duk suna amsa tambayar samuwa, ko sun karanta ta ko ba su karanta ba.

Ga abin da iyaye ke tsoro, kuma bai kamata a yi musu dariya ba: yaro ya je ya karanta falsafa ya dawo yana shakkar addininsa. Tsoron na da tushe. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi masu falsafa a mas'ala 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musanta tashin jiki. Amma shi Gazalin sai da ya zauna ya ƙware a fannin kafin ya soke shi, ya kuma ce raddi ga mazhaba kafin a fahimce ta jifa ce cikin duhu. Shi ne kuma ya sa mandiƙi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi. Malamanmu sun san saɓanin, domin baitocin Ahalari na mandiƙi da ake haddacewa a zaure sun kawo shi: Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, zance mafi inganci kuwa ya halatta ga mai cikakken hankali da ya goge a Alƙur'ani da Sunna. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare mandiƙi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya yi rubutu da yawa yana tsawata wa masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi ba. Matsayin da nake karanta a cikin wannan tarihi shi ne ba a ɗora fannin a kan kowa ba, amma ba a yarda al'umma ta rasa masu shi ba.

Gaskiya ne ɗalibi na iya girgiza in ya gamu da Hume ko Sartre. Sai dai yau ba jami'a ce ke fara kai masa su ba. Wayar da ke hannunsa ta riga ta kawo masa guntayen hujjojin nan a bidiyon minti biyu, ba malami, ba amsa, ba tarihin rigimar. Wanda ya zauna ya bi hujja gaɓa-gaɓa, ya san wace ƙa'ida ta ɗauka kyauta, wa ya soke ta, me aka mayar masa, ya fi ƙarfin a ruɗe shi da guntu. Haɗarin yana wajen rabin karatu, kuma abin takaici rabin karatu shi ne abin da tsarin handawut ke samarwa: shafi 30 na taƙaitawa, aji mai ɗaruruwan ɗalibai, jarrabawar zaɓi-ɗaya. Ba a koyon wannan fanni sai da matani a gaba, ko shafi biyu ne, ana karantawa a hankali ana musu, sannan ɗalibi ya rubuta hujjar da kalmominsa malami ya nuna masa inda ya yi tsalle. A wannan ɓangare tsarin zaure, inda ba a wuce gaɓa sai an warware ta, ya fi kusa da abin da ake bukata.

Batun aiki kuwa, kada a yaudari kowa, digirin falsafa ba ya zuwa da kujera. Masu shi kan shiga koyarwa ko lauyanci ko jarida ko aikin gwamnati. Akwai dai wata ƙofa da ta buɗe a harkar kwamfuta, inda masu tsara rumbun bayanai ke bukatar a tantance musu rukunan abubuwa da dangantakarsu, kamar yadda masana halittu suka fara yi wa ƙwayoyin gado tun 1998.

Saura abin da ɗalibanmu ke rubutawa a kundin kammala digiri. Da yawa kan zaɓi taken da ya shafi tunanin Bahaushe a kan rai da kurwa da ƙaddara, su tara karin magana su ce ga falsafar Hausawa. Wannan hanya ta samo asali daga littafin da wani fada ɗan Beljiyam, Placide Tempels, ya fitar a 1945 a kan tunanin Bantu, kuma Paulin Hountondji na Benin ya soke ta a shekarun 1970 da cewa falsafa ba ra'ayin taro ba ce da ba a san mai shi ba, aikin mutum ne da ya sa suna ya kafa hujja ana iya mayar masa. Sukar ta fi kama mu, domin mu muna da masu suna. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, an haife shi a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna ya karantar a Salame. An fi saninsa da rubutun tarihi, amma ya yi rubuce-rubuce a kan matakan samuwa da asalin halitta, yana ɗebowa daga falsafa da kuma tasawwufi. Rubuce-rubucen malaman wannan yanki na ajiye a wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubutun hannu na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Yamai, ban da na hannun iyalai. Wanda zai yi aiki a kan ɗan Tafa yana bukatar Larabcin da zai karanta rubutun hannu, da sanin Ibn Sina da Sanusi don ya gane da wa yake magana, da horon falsafar zamani don ya auna hujjar. A tsarin da ake bi yanzu, sashen Larabci na ba da na farko, sashen nazarin addinin Musulunci na taɓa na biyu, sashen falsafa na ba da na uku, kuma ɗalibi ɗaya ba ya samun ukun sai in ya yi digiri a ɗaya ya bi malaman zaure da dare ya nemo sauran.